Kafin ku haɗa kuɗi ku kama gida ɗaya a garin jami'a a Amurka

Idan ku biyar ne kuka samu gurbin karatu a Amurka, kuna shirin kama gida guda don haya ta yi sauƙi, ku ajiye maganar kuɗi tukuna. Tambayar farko ita ce mutum nawa doka ta yarda su kwana a gidan. Akwai garuruwan da za ka ga gida mai ɗaki biyar, amma hukumar gari ta ce mutum uku kaɗai za su zauna muddin ba dangin juna ba ne. Iyali mai mutum tara kuwa su tare, ba mai ce musu uffan. Kuma "ɗan garinmu ne" ko "tare muka taso" ba ya shiga lissafi: jini suke nufi, ko aure, ko riƙon da kotu ta tabbatar.

Abin ya samu gindin zama ne a 1974. Ɗalibai shida na jami'ar Stony Brook sun kama gida a ƙauyen Belle Terre na jihar New York, inda aka hana fiye da mutum biyu marasa dangantaka zama tare. Magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, kotu ta bai wa ƙauyen gaskiya. To tun daga nan, wanda zai iya taka wa gari birki sai jiharsa.

Saboda haka ku fara da jiha. Iowa ta hana garuruwanta ƙayyade masu haya bisa dangantaka tun 1 ga Janairun 2018. Oregon da Washington sun yi tasu a 2021. A Colorado Gwamna Jared Polis ya sa hannu a 2024, dokar ta fara aiki 1 ga Yuli, ta kuma rushe tsohuwar ƙa'idar garin Fort Collins da ake kira U+2, wato kai da mutum biyu. Texas ta biyo baya a watan Satumban 2025, bayan ɗaliban jami'ar Texas A&M sun daɗe suna kokawa da ƙa'idar mutum huɗu ta garin College Station, inda jami'ar take. Sai dai ta Texas ba duk gari ta shafa ba, ƙananan garuruwa masu manyan jami'o'i ta nufa. In jiharku ba ta da irin wannan doka, ku ɗauka tsohuwar ƙa'ida na nan daram har sai kun gani a rubuce.

Sannan ku koma kan garin, domin a nan mutane suka fi yin tuntuɓe. Jiha ta hana tambayar dangantaka, amma ba ta hana awo ba. Gari na da ikon ƙayyade mutane bisa faɗin ɗaki da ƙa'idar kashe gobara. Ma'aunin da garuruwa da yawa ke bi shi ne ɗakin kwanan mutum ɗaya ya kai ƙafa 70 murabba'i, kimanin mita shida da rabi murabba'i. In an haɗa ɗaki, kowa ƙafa 50. Garin Ames, inda jami'ar Iowa State take, da aka ƙwace masa tsohuwar ƙa'ida sai ya koma ƙirga ɗakunan kwana. Ni abin da nake yi shi ne in ɗauki adireshin gidan in aika wa ofishin duba gidajen haya na gari imel: wannan gida mutum nawa aka yi masa rajista? Imel, ba waya ba, don amsar ta zauna a hannu.

Ku lura da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Mai gida zai nuna muku shi da kafet sabo fil, ya ce ga ɗaki na biyar. Ku dubi tagar. In ba wadda babban mutum zai iya fita ta cikinta idan wuta ta tashi, a idon hukuma ba ɗakin kwana ba ne, ko da gado uku aka jera.

Saura takardar haya. Dokar jiha gari ta ɗaure, ba mai gida ba. Yana iya rubuta mutum huɗu a yarjejeniya, kuma in kun sa hannu ta hau kanku. Wasu unguwannin ma ƙungiyar masu gidaje na da nata sharuɗɗan daban. Ku karanta wurin da ya yi maganar baƙi, dare nawa baƙo zai kwana kafin a ɗauke shi mazauni. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da sabon zuwa kan sauka a falonmu wata guda kafin ya samu wuri.

Dabarar nan ta a rubuta sunan mutum uku, biyu su shige a ɓoye, ban ba kowa shawararta ba. Galibi ba jami'i ke zagawa ba, maƙwabci ne ke ƙirga motocin ƙofar gida ya kai ƙara. Wanda ba sunansa a takarda ba shi da abin riƙewa ranar da aka ce ya fita, kuma kuɗin ajiyar da ya zuba sai abin da abokai suka ga dama. Mai bizar karatu kuma bai kamata sunansa ya je kotu kan maganar katifa ba. Jami'o'i da yawa na da ofishin lauyan ɗalibai da ke duba takardar haya kyauta. Ku kai masa ita kafin sa hannu, tare da amsar da hukumar gari ta turo.