Yadda Za Ka Ɗinka Littafin Zanenka da Hannu

Da farko sayi takarda mai kauri a Kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna, domin in siririya ce tawada na ratsa ta. Ninka guda 5 gida biyu, ka saka su cikin juna.

Sai ɗinki, nan aikin yake. Yi huji 3 a kan ninkin da basilla, ka goga wa zaren kakin zuma. Shiga ta hujin tsakiya, fito ta sama, tsallaka zuwa na ƙasa, ka dawo tsakiya ka ƙulle. Ja a hankali, kada takardar ta yage.

Bango kuwa, kwali da ƙyallen atamfa daga wurin tela sun isa, a liƙa da sitaci. Wallahi ya fi leda kyau. Danne shi da abu mai nauyi ya kwana, musamman da damina, kafin ka fara zane.