Kafin ka sayi na'urar gem ranar da ta fito

Ɗan'uwa, idan sabuwar PlayStation ko Xbox ta fito, don Allah danne zuciyarka tukuna, ka ba ta ko da wata shida. Rukunin farko shi ya fi zuwa da matsala. Xbox 360 ta fito a 2005, mutane suna cikin buga gem sai jar wuta ta zagaye maɓallin kunnawa, shi ke nan ta mutu, har sai da Microsoft mai ƙera ta ta tsawaita garanti zuwa shekara 3 a 2007 ta ware sama da dala biliyan 1 don gyara. To kai da aka kawo maka taka daga Dubai ko Amurka, wa za ka mayar wa?

Sai farashi. PlayStation 5 (PS5) da ta fito a Nuwamba 2020 ta yi ƙaranci, 'yan kayi-nayi suka kwashe suna tsawwala kuɗi. Nintendo 3DS kuwa, ƙaramar na'urar gem ta hannu, a 2011 daga dala 250 ta sauko 170 cikin 'yan watanni, waɗanda suka yi gaggawa abin ya yi musu ciwo wallahi.

In kuma ka matsu sai ka saya, ka fara duba ko akwai wasa uku da kake so a kanta, ka saurari koken waɗanda suka riga ka saye a YouTube, a kunna maka ita a shago ka gwada, ka karɓi rasit. Ka tanadi data don sabunta manhajar na'urar a ranar farko yana ci sosai, kuma kar ka jona ta a wutar NEPA babu sitabilaiza.