Yadda ake gane tsohon kibod da irin makunnin da ke ƙarƙashin maɓallansa

A rumfunan masu gyaran kwamfuta na Damagaram, da wajen 'yan gwanjo, da ɗakunan ajiya na ofisoshi da makarantu, ba a rasa tulin tsofaffin kibod, ko kilabiye kamar yadda aka fi faɗa a nan. Mafi yawansu na roba ne, wato ƙoƙon roba ne kawai a ƙarƙashin maɓallansu, ba su da wani abin nema. Amma a cikin tulin akan samu waɗanda kowane maɓalli yake da nasa makunnin da sifirin, an ƙera su ne don su yi shekaru suna aiki. Sunan kamfani ba ya isa a gane su, ƙarar da suke yi ma tana ruɗi. Abin da yake raba gardama shi ne a cire hular maɓalli ɗaya a leƙa ƙarƙashinta.

Kayan aikin ba su da yawa: siririyar waya mai ƙarfi kamar santimita 20, fitilar wayar hannu, buroshin fenti mai laushi, da tsinken sakace guda biyu.

Fara da ɗaga shi a hannu. IBM Model M yakan kai kilo 2 ko ya wuce saboda farantin ƙarfen da ke cikinsa, na roba kuwa da wuya ya kai kilo 1. Kada dai nauyi ya yanke maka hukunci, domin Cherry G80-3000 ba shi da faranti, makunnansa a kan allon wuta kawai aka liƙa su da dalma, don haka ba shi da nauyi alhali yana cikin na kirki.

Sai ka dubi kan wayar kibod ɗin, nan ne shekarun suke. Babban kai mai zagaye da haƙora 5 shi ne DIN. Ƙarami mai haƙora 6 shi ne PS/2, wanda IBM ya fito da shi a 1987. Ƙarami mai haƙora 4 na Apple ne, ADB, daga 1986. Idan kan ya yi kama da na wayar intanet, kibod ɗin na tsohuwar na'urar ofis ce da ake haɗawa da babbar kwamfuta, ba zai yi aiki ba sai da na'urar juyi ta musamman. Fuskar ma tana faɗin shekaru: maɓallin Windows ya fara bayyana a 1994, alamar kuɗin yuro kuwa sai ƙarshen shekarun 1990. Maɓallan F guda 10 a gefen hagu maimakon 12 a sama alama ce ta tsarin farkon shekarun 1980.

A Damagaram iri biyu suke haɗuwa. Kayan da suka fito daga Faransa da Beljiyam AZERTY ne, da é da è da ç a layin lambobi, maɓallai 102, ko 105 idan da na Windows. Kayan da suka hauro daga Kano QWERTY ne. Wannan ya shafi gyara: idan hula ɗaya ta ɓata, ta AZERTY ba lallai ta zauna daidai a QWERTY ba, domin a yawancin kibod kowane layi da tudun hularsa, kuma A da Q ba a layi ɗaya suke ba a tsarin biyu.

Juya shi ka karanta takardar baya kafin ka goge komai, kada ruwa ya taɓa ta. A Model M akwai lambar kaya da ranar ƙira. Lamba 1391401 ta Amurka ce, 1391402 ita ce AZERTY ta Faransa, 1391406 ta Ingila, kuma na Turai galibi a Greenock ta ƙasar Sikotilan aka yi su. A kan na Amurka, bayan 1991 za ka ga sunan Lexmark, daga 1996 Unicomp. A Cherry, farkon lambar ne abin dubawa: G80 makunnin da suke kira MX ne, G81 wanda suke kira MY, G83 roba ce zalla, ko da jikinsu ya yi kama da juna kamar tagwaye. Idan babu sunan kamfani, nemi layin da aka rubuta FCC ID. Haruffa ukun farko na mai ƙirar ne, misali E8H na Chicony, AQ6 na NMB. In takardar ta ɓare, buɗe jikin ka dubi babban guntun wuta baƙi da ke kan allo: lamba huɗu irin 8934 na nufin mako na 34 na shekarar 1989.

Takarda ma ba ta gama magana ba. Chicony KB-5181 ya fito da makunnai iri-iri a ƙarƙashin lamba ɗaya, kuma akwai Model M mai lamba 71G4644 wanda roba ce a cikinsa. Don haka sai a cire hula.

Lanƙwasa siririyar wayar nan ta zama kamar harafin U, ka karya bakinta biyu su koma ciki kamar ƙugiya. Zaɓi ƙaramin maɓalli na gefe, kamar Esc. Kada ka fara da dogon maɓallin tazara, ko Shift, ko Enter, domin suna da sandar ƙarfe a ƙasa da ƙananan maƙalai na roba da suke karyewa idan sun tsufa. Saka ƙugiyar a kusurwa biyu masu kallon juna, ka ja sama sak. Kada ka ɓanɓare da wuƙa ko sukundireba daga gefe ɗaya, abin da yake karya ƙafar hula ke nan.

Idan ka ga rami mai zagaye da siririn sifirin tsaye a tsakiya, babu wani abu kuma, IBM ne mai sifirin da ke lanƙwashewa. Da ka danna, sifirin ɗin yakan lanƙwashe gefe ya buga bango, shi ne ƙarar da ake ji, a daidai lokacin kuma ƙaramar guduma ta taɓa ƙasa. A Model M leda mai zanen wuta gudumar take dannawa. A Model F, wanda ya zo da kwamfutar IBM ta 1981 da maɓallai 83, allon wuta ne yake jin kusantowarta, kuma bayansa ƙarfe ne. Yawancin hulunan Model M biyu ne a haɗe, ta sama mai rubutu takan fita ita kaɗai, sai ka sake ciro hular da ke ƙasa. Wajen mayarwa, karkata kibod ɗin yadda sifirin zai tsaya a tsakiyar rami. In ka danna ba ka ji ƙara ba, bai zauna ba, cire ka sake.

Idan kan makunnin alamar tarawa ce, +, a cikin ƙaramin akwati, dangin Cherry MX ne. Launi yake faɗin hali: baƙi yana sauka sumul da ɗan nauyi, shuɗi yana ƙara, ruwan ƙasa yana da ɗan tudu ba ƙara. Haska fitila ka nemi sunan Cherry a saman akwatin, domin kwaikwayo ya yi yawa. MY ma yana da irin wannan kan, amma dannawarsa tana ƙara tauri yayin da kake sauka, kamar kana matsa jiƙaƙƙen soso.

Idan kan mai kusurwa huɗu ne, dogo a kwance da rami a tsakiya, makunnin kamfanin Alps ne ko kwaikwayonsa, kuma a nan ya kamata mai saye a garin nan ya fi natsuwa. Shuɗi da fari suna ƙara. Ruwan lemo, ruwan hoda mai haske da baƙi suna da tudu ba ƙara. Kore da rawaya sumul suke. Mai ruwan madara yana da 'yar roba a gefe da ke kashe sauti, shi ne ya fi yawa a Apple Extended Keyboard II mai lamba M3501 na 1990. Dell AT101W, da ɗan'uwansa na Turai AT102W, baƙin Alps suke da shi. Matsalar Alps ita ce ƙura. Ramin da kan yake zirga-zirga a ciki a buɗe yake, ƙurar hunturu da rairayi suna shiga su kankare robar, kuma wanki ba ya mayar da abin da ya kankare. Gwada shi haka: danna maɓalli a kusurwarsa, a hankali, ba a tsakiya ba. Idan ya cije ko ka ji gurza kamar tsakuwa a cikin tuwo, ya sha ƙura. Gwada maɓallan da aka fi amfani da su, E da A da S, ka kwatanta da Pause wanda kusan ba a taɓa shi. Idan Pause ɗin ma yana gurza, ka bar shi, sai dai in hulunan kake so. Mai ɗan dama-dama ana iya ceto shi ba tare da narka dalma ba: saka tsinken sakace ɗaya a kowane gefe ka buɗa kunnuwan akwatin, ka ɗaga murfin, ka share da buroshi. Yi ɗaya bayan ɗaya a kan faranti mai baki, domin sifirin da siririn ganyen ƙarfen da ke ciki da sun faɗi a ƙasa an rasa su.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Babban kai mai kusurwa huɗu da ramuka biyu kamar idanu NMB Hi-Tek ne, ja hularsa a hankali don kan yakan biyo ta ya lanƙwasa ƙarafan ciki. Idan ka ga ƙoƙon roba a ƙasan rami, na roba ne. Wasu tsofaffin Key Tronic da BTC suna da ɗan soso da takardar azurfa a ƙarƙashin kowane maɓalli, kuma zafi irin namu yana mayar da soson gari.

Model M kuma a girgiza shi kusa da kunne. Ƙarar 'yan tsakuwa a ciki ƙusoshin roba ne da suka riƙe farantin ƙarfe suka karye. Kaɗan ba sa hana aiki, amma in sun yi yawa a wuri ɗaya maɓallan wajen sukan mutu, sai an huda an sa ƙananan noti masu kaurin milimita 2. Buɗe jikinsa yana buƙatar siririyar sifana mai milimita 5.5.

Wajen gwaji a kwamfuta ne ake zubar da kibod mai rai a kan ya mutu. Ɗan ƙaramin mahaɗin nan kore ko shunayya da ke mayar da PS/2 zuwa USB babu komai a cikinsa sai waya, tsohon kibod ba ya aiki da shi, sai mahaɗi mai guntun wuta a ciki. DIN na zamanin kwamfutar IBM AT yana komawa PS/2 da mahaɗi na waya kawai, amma na zamanin XT da ta gabace ta, ko da yake kansu ɗaya ne, harshensu daban. Duba ƙasan kibod ɗin, wasu suna da ɗan makunni mai rubutun X da A, tura shi zuwa A. Kashe kwamfuta kafin ka saka ko ka cire PS/2.

Wanke huluna da ruwa mai ɗumi da sabulu, ka shanya su a inuwa kwana ɗaya cur, domin rana tana mayar da wasu robobin rawaya. Kada fetur, kananzir ko man feshi na cire tsatsa su kusanci makunni, kada kuma ruwa ya shiga jikin Model M, yakan kwanta tsakanin ledojin ya ci zanen. Bayan an gama, a rufe kibod ɗin da kyalle duk lokacin da ba a aiki da shi, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu.