Yadda ake haɗa gwiwa don kare dajin da ke shayar da tsibiri

Tsibiri ba ya da kogin da zai kawo masa ruwa daga wata ƙasa. Abin da sama ta zubar a kan duwatsunsa, shi mutanensa za su sha. A jihar Hawaii ta Amurka, dazuzzukan kan tsaunuka ne ke tare hazo da ruwan sama, su sauke shi sannu a hankali cikin ƙasa, har ya taru a ƙarƙashi inda rijiyoyin birnin Honolulu ke janyowa. Amma dajin ba na mutum ɗaya ba ne: wani yanki na gwamnatin jiha, wani na tarayya, wani na masu gonakin kiwo, alhali aladen da ya koma daji bai san iyakar kowa ba.

Wanda zai kafa ƙawancen kare irin wannan daji sai ya fara da taswirar gangaren ruwan, wato yankin da ruwan samansa ke gangarowa ya taru wuri ɗaya, ya gano masu manyan filaye a samansa, ya zaunar da su wuri ɗaya. Haka aka yi a gabashin tsibirin Maui a 1991, inda hukumar filaye da albarkatun ƙasa ta jiha, da gandun Haleakala na tarayya, da ƙaramar hukumar Maui, da ƙungiyar kare muhalli ta The Nature Conservancy, da kamfanin East Maui Irrigation da masu gonakin kiwo suka amince su kula da kimanin eka 100,000 tare. Yarjejeniyar ta sa-kai ce, kowa yana riƙe da filinsa, kuma a ganina nan ne ƙarfinta yake, domin da an nemi wani ya sallama mallakarsa, da zaman farko ne zai zama na ƙarshe. Tsarin ya bazu zuwa sauran tsibiran, har aka kafa uwar ƙungiya a 2003.

Bayan sa hannu sai a ɗauki jami'i guda wanda ba shi da wani aiki sai wannan, tare da ma'aikatan da za su riƙa shiga daji, saboda kwamitin da ba shi da mai bin diddigi yakan ƙare a rubuta rahoton taro.

Babban aikin shi ne shinge. Aladu suna tone ƙasa, su cinye tsirrai, su bar gangare tsirara ruwa ya kwashe shi zuwa teku, awaki da barewa kuma suna cinye ƙananan itatuwa kafin su girma. Don haka akan kewaye wuraren da dajin asali bai lalace ba da waya, a daddasa ƙasanta sosai don kada alade ya kutsa ta ƙarƙashi, a ɗaga ta sama inda akwai barewa, sannan a fitar da dabbobin da ke ciki. A wurare masu wuyar hawa da jirgi mai saukar ungulu ake kai kayan aiki. Dole a ware kuɗin duba shingen a kai a kai tun daga farko, domin itace ɗaya da iska ta kayar a kansa ya isa ya mayar da aikin shekaru baya. Daga nan sai yaƙi da baƙin tsirrai, musamman mikoniya, wadda faɗaɗɗun ganyenta ke hana komai tsirowa a ƙarƙashinta.

Kada a bar mafarauta sai an gama shawara, domin farautar alade abinci ce kuma al'ada ce ga iyalai da yawa a can, shingen da aka kafa ba da saninsu ba kuwa yakan jawo rigima. A tsara da su inda za a rufe da inda za a bar musu.

Batun kuɗi kuma, kada a dogara da hanya ɗaya. Jihar tana da shiri tun 1991 da take ba da dala biyu a kan kowace dala ɗaya da mai fili ya sa wajen kula da dajinsa, kuma a 2016 ta ɗauki alkawarin kare kashi 30 cikin ɗari na muhimman gangaren ruwanta kafin 2030. Hukumomin ruwan sha ma ya kamata a shigo da su cikin masu biya, tunda rijiyoyinsu ne za su fara ƙafewa idan dajin ya tafi.