Yadda zaka tsallake tantancewar fatent idan ka haɗa sabon jel na rainon bakteriya

A ce ka kwashe shekara biyu a lab kana ta gwaje-gwaje har ka dace da wani jel wanda bakteriya ke girma a cikinsa ta ko'ina, sama da tsakiya da can ƙasa, ba wai a saman faranti kawai ba kamar yadda aka saba. Yanzu kana son fatent, wato takardar da zata hana kowa haɗa abun ko sayar da shi ba da izininka ba har shekara 20 daga ranar da ka shigar da takardu. To tsakaninka da wannan takarda akwai mutum ɗaya, jami'in tantancewa, kuma shi aikinsa ya zauna ya nemo dalilin da zai sa a hana ka. Ba mugunta bace, aikin da aka ɗauke shi kenan, kuma kusan duk wani makamin da zaka kare kanka da shi dole ya kasance yana cikin takardar tun ranar farko.

Mataki na 1: Cire batun 3D daga ranka

Wannan shi yake fara kayar da mutane. Kowane jel a duniya yana da tsawo da faɗi da zurfi, saboda haka idan duk abin da kake taƙama da shi shine naka 3D ne, jami'in ba zai ma wahala ba. Tun zamanin Robert Koch, masanin bakteriya ɗan Jamus, ake rainon bakteriya a abu mai daskarewa, da jelatin ya fara, amma jelatin yana narkewa kafin a kai zafin jikin mutum na digiri 37 kuma wasu bakteriyan cinye shi suke, sai Fanny Hesse matar Walther Hesse da ke aiki da Koch ta kawo shawarar agar a farkon shekarun 1880. Shi agar daga ciyawar teku ake samo shi, baya narkewa sai wajen digiri 85, baya daskarewa sai ya sauko wajen 40. Farantin Petri, wato ɗan farantin raino mai murfi, ya biyo baya a 1887.

Kuma girma a cikin jel ɗin ma ba yau aka fara ba. Akwai tsohuwar hanyar da ake cakuɗa samfur da narkakken agar a zuba a faranti ƙwayoyin su fito a ciki. Akwai agar mai laushi na kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin ɗari da ake duba ko bakteriya na iya tafiya, alhali na faranti wajen kashi 1.5 ne. Akwai doguwar kwalbar agar da masu son oksijin ke taruwa a sama marasa so su yi ƙasa. Ga aljinet, wani sinadari daga ciyawar teku, da ake ɗiga shi cikin ruwan kalsiyam ya zama ƙananan ƙwallaye da ƙwayoyin halitta a kulle a ciki, ga jelan, wani sinadarin haɗa jel daban da jelatin, da ake sayarwa da sunan Gelrite. Duk waɗannan suna jiranka a teburin jami'in. Saboda haka ka tambayi kanka tsakani da Allah, me jel ɗina yake yi wanda waɗannan basa yi, kuma wane abu ne a haɗinsa ya jawo hakan? Amsar ita ce ƙirƙirarka, ba zurfin jel ba.

Mataki na 2: Yi irin binciken da shi zai yi

Shafukan binciken fatent irin Espacenet da Patentscope da Google Patents duk kyauta ne. Amma kar ka tsaya a rubuta kalmomi kawai, ka bi lambobin rukuni da ake kasa fatent da su domin da su jami'an suke aiki: C12N 1 na ƙananan halittu da abincin rainonsu, C12N 11 na ƙwayoyin da aka kulle a cikin wani abu irin jel, C12M na kayan aiki, C12Q 1 na gwaji da aunawa, C08J 3/075 na jel mai riƙe ruwa. Inda mutane suke sakaci shine ɓangaren masu rainon ƙwayoyin jikin mutum da na dabbobi, su sun daɗe suna aiki da jel mai zurfi, kuma ba wuya jami'in ya ɗauko takarda daga can ya ce ai ga jel ɗinka nan sak, bakteriya kawai ka zuba. Mujallun kimiyya da kundin digiri da takardar bayanin kayan kamfani duk ana kafa hujja da su, ko da wane yare aka rubuta.

Mataki na 3: Ka ja bakinka

Kafin ka shigar, babu taron ƙara wa juna sani, babu fosta, babu bidiyo a YouTube, babu tura wa kamfani samfur ba tare da yarjejeniyar sirri ba. Amurka tana ɗaga wa mai ƙirƙira ƙafa na shekara 1 akan abin da shi da kansa ya bayyana, ofishin fatent na Turai kuwa bashi da irin wannan rangwamen na gama-gari, abin da ka wallafa da kanka shi zai kashe ka.

Mataki na 4: Gwajin kwatance, nan ne aikin yake

Idan zaka ɓata lokaci a wuri ɗaya to ka ɓata shi anan. Jami'in zai nemo abu mafi kusa da naka a cikin abin da aka riga aka sani, kuma da shi zai auna ka. Mutane da yawa sai su kwatanta sabon jel ɗinsu da agar na faranti su ce kaga bambanci, alhali jel ɗin nasu haɗin jelan ne da aljinet. To ai da jelan zalla da aljinet zalla ya kamata ka kwatanta, da kuma haɗin biyun a wani ma'auni da ba naka ba. Ka canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji, sauran komai iri ɗaya, abinci ɗaya, zafi ɗaya, yawan ƙwayoyin da aka zuba ɗaya, sannan ka maimaita ba sau ɗaya ba.

Me zaka auna? Yawan ƙwayoyin da suka tsiro a kowane mililita. Zurfin da suka kai. Yadda oksijin yake raguwa daga sama zuwa ƙasa, domin a jel mai zurfi wannan shine babbar matsala, abinci da iska sai sun ratsa a hankali kafin su isa ciki. Girman ƙofofin da ke cikin jel ɗin, taurinsa, haskensa idan ana son ƙirga ta ido ko madubin lab, ko yana jure otokilef, wato tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyi, na digiri 121 na minti 15, ko yana tsatso ruwa bayan kwanaki, da yadda ake narkar da shi a kwaso ƙwayoyin da ransu. Kowane adadi ka rubuta da wace na'ura da wace hanya aka auna shi, saboda girman ƙofa da ka auna a busasshen jel ba ɗaya bane da na jiƙaƙƙe, kuma idan baka faɗi hanya ba za'a ce da'awarka ta mallakar abun bata fito fili ba.

Sannan ka gwada gefe da gefen iyakar da kake so. A ce kana son ka mallaki kashi 0.2 zuwa 0.8, to ka gwada 0.1 da 0.2 da 0.5 da 0.8 da 1.0, yadda za'a ga cewa a cikin iyakar abu na faruwa a wajenta kuma baya faruwa. Ni a ganina gwajin da ya faɗi a wajen iyaka ya fi goma da suka yi kyau a tsakiya amfani, amma shi ne wanda masu bincike suke jin kunyar sakawa.

Kar ka manta da nau'in halittu. Idan bakteriyar E. coli kaɗai ka gwada sannan ka rubuta duk ƙananan halittu, za'a tambaye ka ina yis, ina fangas, ina waɗanda oksijin ke kashewa. Ka gwada iri-iri gwargwadon faɗin abin da kake nema.

Mataki na 5: Rubuta bayani da da'awowi

Takardar kashi biyu ce, dogon bayani da kuma da'awowi, wato jerin jimlolin ƙarshe masu lamba da suke zana iyakar gonarka. Bayanin dole ya isa ɗan sana'a ya karanta ya haɗa jel ɗin ba tare da ya sha wahalar lalube ba, idan akwai wata dabara da kake ɓoyewa, misali a wane zafi ake zuba kalsiyam ko wanne ake fara zubawa, kuma sai da ita abun yake yi, to ɓoyewar zata iya rusa fatent ɗin gaba ɗaya.

Da'awa ta farko ka sa abin da ya zama dole kawai: sinadaran, ma'auninsu, da siffar da ta bambanta shi. Na bayanta su riƙa matsewa a hankali, faffaɗan iyaka, matsakaici, sannan ƙarami, ta yadda idan aka ture na farko kana da inda zaka ja da baya. Ka yi da'awar jel ɗin kansa, da hanyar haɗa shi, da hanyar raino da shi. Na ukun nan kar ka raina shi, sau da yawa jel ɗin sai ya zama an taɓa yinsa don wani aiki daban, sai hanyar rainon ce ta tsira. Ka guji da'awar sakamako zalla irin jel ɗin da yake sa bakteriya girma sosai, sosai ɗin nawa ne? Kuma ka sani idan ka bayyana jel ta hanyar yadda aka haɗa shi, jel ɗin za'a duba ba hanyar ba, idan ya yi daidai da wani tsoho shikenan. Wannan matakin gaskiya ka nemi lauyan fatent da ya san harkar kimiyyar halittu.

Mataki na 6: Idan akwai wata ƙwaya ta musamman, ka ajiye ta

Idan ƙirƙirar ta dogara da wani nau'in bakteriya da kai ka ware kuma ba'a samunsa a ko'ina, rubutu kaɗai baya isa. Yarjejeniyar Budapest ta 1977 ta tanadi ka kai samfur wata ma'ajiya da aka amince da ita, irin ATCC a Amurka ko DSMZ a Jamus, ajiya ɗaya ta wadatar wa duk ƙasashen da ke ciki, kuma ana riƙe ta aƙalla shekara 30. A Turai dole ajiyar ta kasance an yi ta zuwa ranar shigar da takarda. Idan da sanannun nau'o'i ka yi aiki, ka rubuta lambobinsu ka wuce.

Mataki na 7: Shigarwa da lissafin watanni

Daga ranar da ka fara shigarwa kana da wata 12 ka kai wasu ƙasashe da wannan ranar, bisa yarjejeniyar Paris ta 1883. Ko ka bi ta PCT, wato tsarin shigar da takarda ɗaya ta ƙasa da ƙasa, wanda zai baka har wata 30 a yawancin ƙasashe, 31 a ofishin Turai. A wata na 18 ake wallafa takardar kowa ya gani. Rahoton bincike zai zo da haruffa a gefen kowace takarda da aka samo: X na nufin ita kaɗai ta isa ta kayar da da'awarka, Y sai an haɗa ta da wata, A kuma shimfiɗa ce kawai. A Amurka wajibi ne ka miƙa wa ofis duk wata takarda da ka sani tana da alaƙa da da'awarka, ko da bata yi maka daɗi ba.

Mataki na 8: Amsa wasiƙar ƙin amincewa

Wasiƙar farko yawanci ƙi ce, kar hankalinka ya tashi. Wani lokacin ma kafin ita za'a ce jel da hanyar haɗawa da hanyar raino ƙirƙira daban-daban ne ka zaɓi ɗaya, sauran ka shigar da su daban daga baya. A Amurka wata 3 ake bayarwa na amsa, ana iya ja zuwa 6 da biyan kuɗi, idan ya wuce takardar ta zama yasasshiya.

Ka karanta takardun da ya kafa hujja da su da kanka, duka, ba sakin layin da ya nuna kawai ba. Idan ya ce ba sabo bane, wato sashe na 102 a dokar Amurka ko na 54 a ta Turai, to dole takarda ɗaya ta ƙunshi duk abin da ke cikin da'awarka, ka nemo wanda babu. Amma ka shirya wa wata hujja mai ban haushi: zai ce tsohon jel ɗin sinadaransa ɗaya da naka saboda haka dole yana da irin ƙofofin naka ko da ba'a rubuta ba. Maganin wannan ba surutu bane, ka haɗa tsohon jel ɗin yadda takardar ta faɗa ka auna shi.

Mai wuyar shine idan ya ce abun a fili yake ga duk ɗan sana'a, sashe na 103 ko na 56. Zai ce takarda ta ɗaya ta nuna jelan, ta biyu ta nuna aljinet, haɗa su da daidaita ma'auni aikin yau da kullum ne, kuma tun hukuncin KSR na kotun ƙolin Amurka a 2007 jami'an can sun samu sauƙin yin irin wannan haɗin. A Turai kuma tsari suke bi, su ɗauki takarda mafi kusa, su fitar da bambancin, su tambayi wace matsala bambancin ya warware. Idan baka da adadin da ya nuna amfanin, sai su ce matsalar kawai samar da wani jel ne na daban, daga nan kuwa ka shiga uku. Anan gwajin mataki na 4 yake ceton ka: ka nuna sakamakon da ba'a zata ba, ko ka nuna tsohuwar takardar da kanta ta ce kar a bi wannan hanyar.

Gyaran da'awa halal ne amma daga abin da ke cikin takardarka ta asali kawai. Ba'a ƙara sabon abu, kuma Turai sun fi kowa tsanani akan wannan a sashe na 123(2), idan ka rubuta 0.2 zuwa 0.8 kawai ba lallai su bari ka ƙirƙiro 0.35 zuwa 0.6 daga baya ba. Ba'a fafe gora ranar tafiya. Sabon sakamakon gwaji ana iya miƙa shi a matsayin hujja, a Amurka da takardar shaida, a Turai kuma hukuncin G 2/21 na 2023 ya ce ana iya dogara da shi muddin amfanin da kake faɗa ɗan sana'a zai iya ganinsa a cikin koyarwar takardar asali.

Kuma ka nemi ganawa da jami'in, ta waya ko bidiyo. Minti talatin da hoton yankakken jel a gabansa yana ganin ƙwayoyi har can ƙasa kusa da na tsohon da suka tsaya a sama ya kan warware abin da shafi ashirin bai warware ba. Ka kula da abin da kake rubutawa dai, duk wata magana da ka yi don ka matse da'awarka tana zama a fayil, kuma abokin hamayya zai karanta ta.

Mataki na 9: Bayan hukunci

Idan aka sake ƙi a Amurka zaka iya biyan kuɗi a ci gaba da tantancewa ko ka ɗaukaka ƙara. Idan aka baka, akwai kuɗin riƙewa a shekara 3 da rabi, 7 da rabi, da 11 da rabi. A Turai kuma kowa yana da wata 9 daga ranar da aka sanar da bayarwa ya shigar da ƙalubale, saboda haka littafin lab ɗinka da ɗanyen sakamakon gwaji da ragowar kayan da ka haɗa jel ɗin da su, ka adana su inda zaka iya ɗaukowa.