Idan Birkin Fijo Ya Yi Tauri, Fara Duba Iskar Injin

Abin da ke ba ni takaici shi ne in ga mai Peugeot 504 ya kashe kuɗi a kan sabuwar busta (na'urar da ke ƙara wa birki ƙarfi), birki kuma yana nan da taurinsa. Busta ba ta da ƙarfin kanta. Zuƙar iskar da injin ke yi ta manifol (bututun da yake shaƙar iska ta cikinsa) ce ke taya ƙafarka, in zuƙar ta yi rauni sai feda ta koma kamar dutse.

Kashe mota, ka taka birki sau biyar har ya ƙage. Bar ƙafarka a kai, ka ta da injin. In fedar ta ɗan nutse, busta na aiki. In ko motsi ba ta yi ba, bi tiyon da ya taso daga manifol zuwa busta. Zafin injin da bushewar hunturu kan tsattsaga shi, galibi ta ƙasa, inda ido bai kai. Ni lanƙwasa shi nake yi a hannu ina bi da yatsa. Ƙaramin bawul ɗin da ke hanyar kuma, cire shi ka hura: zuwa ɓangaren injin kaɗai ya kamata iska ta wuce.

Daga nan sai geji mai auna zuƙar iska a manifol. Lafiyayyen injin da ya ɗumama, yana silo (wato ba a taka totur ba), kan nuna inci 17 zuwa 21, allurar a tsaye cak. Amma ka lura da inda kake, domin kowace ƙafa 1,000 ta tudu tana rage kusan inci ɗaya. Motar da ke Jos dole ta nuna ƙasa da ta Legas, ba ciwo ba ne. Allura ta tsaya ƙasa ba rawa, zargi tayimin da ya makara (lokacin tartsatsin fulogi) ko gasket ɗin manifol. Fesa maganin wanke kabireta a gefen gasket ɗin, ka kasa kunne. In ƙarar injin ta canja, nan iska ke shiga. Ka yi hattara, yana kama wuta. Allura mai karkarwa kuwa maganar bawul ɗin injin ce.

In duk wannan lafiya, matse tiyon da filaya. Silo ya daidaita, to robar cikin busta ta huje. Ka leƙa bakin tiyon ma: in da man birki a ciki, masta (famfon man birki da feda ke turawa) ce ke yoyo ta baya, a gyara ta kafin a ɗaura wata bustar.

Mai 504 ta dizal, famfon zuƙar iska za ka duba, don manifol ɗinta ba ya ba da zuƙa.