Idan an gayyace ku cin abinci a waje: salatin ariko da dankali

Ƴan uwana da kuka baro Damagaram kuka sauka Faransa a bana, da zarar watan Mayu ya kusa ƙarewa za ku fara samun gayyata. Ta farko galibi ita ce bikin maƙwabta, wanda aka soma a Paris a 1999 ya kuma yaɗu ƙasar gaba ɗaya: ana jera tebura a tsakar gida ko bakin titi, kowa ya fito da abin da ya dafa. Daga nan har Satumba, rana ba ta faɗuwa da wuri, a watan Yuni sai wajen ƙarfe tara da rabi, mutane na zama a ciyawa suna ci. A gida baƙo hannu biyu yake zuwa, mai gida ya ciyar da shi. A nan in aka ce ku zo, ana sa ran ku zo da kwano.

Shekarata ta farko a Liyon na je hannu wofi, na dawo da yunwa. Kusan kowane kwano akwai ƴan gutsattsarin naman alade a ciki, waɗanda suke kira lardon, har salatin dankalin ma. Tun daga ranar nake zuwa da nawa, don in tabbata akwai abin da ni da yarana za mu ci hankali kwance.

Abin da nake kaiwa salatin koren wake ne, wato ariko, da dankalin turawa. Kun san su: lokacin sanyi ake ganin ariko a kasuwar Dole, kusa da dankalin da ake saukowa da shi daga lambunan Agadas. A nan lokacinsu ya juya, daga Yuni zuwa Satumba suke araha.

Dankalin ne ke ba sababbin zuwa matsala. Iri-iri ne, kuma wanda ake yin fate da shi, kamar Bintje, rugujewa yake a cikin kwano. Ku duba jikin jakar, ku ɗauki wanda aka rubuta chair ferme, wato wanda ba ya rugujewa, misali Charlotte ko Amandine. Kilo ɗaya na dankali da rabin kilon wake ya ishi mutum shida zuwa takwas. Ku sa dankalin da ɓawonsa cikin ruwan sanyi da gishiri, ku ɗora, minti ashirin bayan tafasa ku soka wuƙa. In ta shige ba gardama, ku sauke. Ku fere shi da ɗumi, ku yanka, ku zuba masa mai da ɗan gishiri nan take, don da zafinsa yake shan miya.

Waken kuwa a tsinke kawunansa, a jefa cikin tafasasshen ruwa minti shida zuwa takwas, a kwashe a tsoma cikin ruwan ƙanƙara. Mu mun saba dafa ganye har ya yi ligib, amma wannan in ya wuce lokaci launinsa dushewa yake. Ɗanye ma ba a cinsa, yana ɓata ciki.

Miyar: cokali shida na man zaitun, biyu na ruwan lemun tsami, ƙaramin cokali na mutad (moutarde, mai ruwan ɗorawa da ɗan yaji), jar albasa yankakka siriri. Duk lokacin da nake yanka ta sai na tuna ta Galmi, wadda ƙamshinta ke cika ɗaki. Ku karanta jikin kwalbar mutad, wasu ana sa musu giya. Ban da mayonez, in dai kwanon zai zauna a rana. Kuma kada ku haɗa lemun da waken sai an kusa ci, tsami na cinye korensa.

Wata rana ina juyawa sai na ga ai kwaɗo ne nake yi, irin na zogalen da Inna ke haɗa mana da la'asar a Birni. Sai na daka ƙuli-ƙuli da ɗan yaji na barbaɗa a kai, kwanon ya ƙare kafin kowane. Amma a nan dole a yi hattara sosai: akwai mutanen da gyaɗa ke iya kai su asibiti, har da yara ƙanana. Yanzu a ƙaramin kwano daban nake zuwa da shi, in rubuta arachide a takarda in manna, mai so ya ɗiba. Shagunan ƴan Afirka na unguwar Guillotière suna da gyaɗa da barkono in naku na gida ya ƙare.

Ku ɗauki salatin cikin jakar sanyi, kada ya wuce awa biyu a waje, ku rubuta sunanku a gindin kwanon don ya dawo muku. Maƙwabciyata ta hawa na uku, wadda muka yi wata takwas gaisuwa kawai ke haɗa mu, a kan wannan kwanon ta fara tambayata ina ne Zinder.